Madafin Tsakar Gida: Rumfar Sanduna ko Rufin Kwano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwargida ce a unguwar Hotoro, Kano. Bara muka tare a gidanmu, kuma akwai wani fili a baya, ƙafa 13 a ƙafa 10, da muka ware don madafi na waje. Akwai gas a kicin na ciki, amma tuwon gida, da dambu, da suyar naman layya, da girkin azumi, duk a kan itace da gawayi nake yin su, don mu goma sha ɗaya ne a gidan. Maigida ya ga wata rumfa a wani gidan cin abinci a Abuja, mai sandunan katako a jere a sama da tazara a tsakaninsu, wai ita fagola, ya ce ita za a yi, a dasa fulawa ta hau kai. Ya ce kwano zafi gare shi, yana riƙe hayaƙi, kuma zai ɓata tsarin gidan. Ni kuwa kwano nake so saboda damina. Mun yi yarjejeniya duk abin da ka ce shi za a yi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri a sabon gida. A kan murhu, rufi rufaffe za a yi, kwano ke nan. Amma a gaya wa Alhaji maganarsa biyu gaskiya ce: kwano yana da zafi, kuma yana riƙe hayaƙi, idan aka yi shi yadda akasarin kafintocinmu suka saba yi. Gyaran wannan yana cikin tsayin rufin da buɗe gefensa, zan zo kansa.

Mu fara da ita rumfar da ya gani. Asalinta ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, irin su Italiya da Sifaniya da Girka, inda aka daɗe ana kafa ta don inabi ya hau. A can ruwan sama da sanyi suke zuwa tare. Lokacin zafinsu, wato lokacin da ake zama a waje ana girki, kusan babu ruwa. Don haka rumfa mai huda a sama ta ishe su. Mu a nan abin a juye yake. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ne a Kano, Agusta kuma marka, ga shi girki ba ya jiran ruwa ya ɗauke. Ki tuna hadarin la'asar, kin ɗora ruwan tuwo, kin yi talge, sai iska ta taso. A ƙarƙashin sanduna ba abin da zai tare miki ko ɗigo ɗaya: itace ya jiƙe, gawayi ya mutu, toka ta zama caɓi, a kwashi tukunya mai tafasa a guje a kan daɓe mai santsi, yara suna gilmawa. Wannan na ƙarshen ya fi damuna fiye da lalacewar tuwon.

Sai batun rana, wanda mutane ba su cika lura da shi ba, don a hoto rumfar tana nuna inuwa mai kyau, layi-layi. Inuwar sanduna tana samuwa ne idan rana ta karkata, hasken ya bugi gefen sanda ɗaya, inuwarta ta rufe tazarar da ke kusa da ita. Birnin Roma yana kan kusan digiri 42 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, ko a tsakiyar zafinsu rana ba ta tsayawa a tsakar ka. Kano kuwa tana kan digiri 12. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, rana tana bi ta saman kanmu daidai wa daida, kuma duk watannin da ke kewaye da waɗannan ba ta yin nisa da hakan. Idan rana ta take, haskenta yana saukowa ne a miƙe, ya bi ta kowace tazara ya sauka a kan mai girki. Daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 2, lokacin da ake fama da abincin rana, shi ne lokacin da wannan rumfa ta fi gazawa. A Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa. Ga rana a ka, ga wutar itace a gaba. Kamar a miƙa wa mutum rariya ne a ce ya yi laima.

Alhaji zai ce ai fulawa za ta rufe. Za ta rufe, bayan shekara biyu ko uku, idan an jure ba ta ruwa da rani. Amma tsiro a saman tukunya yana zuwa da nasa baƙin: busasshen ganye, tsutsa, kashin tsuntsu, ƙadangare, wani lokaci har maciji idan ya yi duhuwa. Kuma zafin murhu da hayaƙi suna ƙona ganyen da ke daidai saman wuta, sai ya bushe yana rataye. Da hunturu, iska busasshiya tana kaɗawa, tartsatsi ɗaya daga itacen da ya fashe ya isa. Busasshen ganye a kan katako a saman wutar itace abu ne da ba zan taɓa sa hannu a kansa ba.

Wasu suna shimfiɗa robar nan mai shara-shara a kan sandunan don tare ruwa. Tana tare ruwan, amma tana barin rana ta shigo, zafin kuma ya rasa mafita. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta dusashe ta, maiƙon suya da baƙin hayaƙi su manne ta ƙasa, mai arha kuma rana tana sa ta ja ta tsage. Roba da wuta ba su haɗa hanya ba. Akwai kuma rumfar alminiyon da ake buɗe sandunanta a rufe da mariƙi ko da lantarki. Tana aiki, sai dai tsadarta ta wuce ta madafin gaba ɗaya, kuma ƙurarmu ba ta ƙyale duk wani abu mai gaɓa da ke motsi.

To yanzu ga kwanon, da yadda za a yi shi don kada maganar Alhaji ta tabbata.

Abin da ya sa madafan kwano da muka sani suke zama gidan wuta shi ne gajarta. Kafinta ya kafa rufi ƙafa 7, wanda dogon mutum zai taɓa da hannu, a kewaye shi da bulo ta kowane gefe, a bar taga ɗaya ƙarama. Kwano idan ya sha rana yana feso zafi ƙasa, kuma gwargwadon kusancinsa da kai gwargwadon yadda za a ji shi. Ku ɗaga naku. Ɓangaren da ya fi ƙasa kada ya gaza ƙafa 9, na sama ya kai ƙafa 11 ko 12. Rufi mai gangara ɗaya, ba mai gangara biyu ba. Wannan bambancin ƙafa biyu zuwa uku yana aiki biyu: ruwa ya gangara da sauri, hayaƙi kuma, da yake sama yake nema, ya bi cikin kwanon ya haura ya fice ta bakin da ya fi tsayi. Sharaɗin shi ne a bar wannan bakin a buɗe. Kada a bar magini ya cike tsakanin bango da kwano da bulo don wai ya yi kyau. A bar tazarar ƙafa ɗaya da rabi aƙalla, idan ana tsoron tsuntsu ko mage a sa raga ta waya. Murhun itacen ya zauna a ƙarƙashin wannan ɓangaren mai tsayi.

Ina jaddada hayaƙin nan ne don ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum kusan miliyan 3.2 ne suka rasu sanadin gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda tushenta girki da itace da gawayi da kalanzir da makamantansu. Mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa, don su ne a bakin murhu, wani yaron ma yana goye. Gawayi ya fi yaudara, don ba a ganin hayaƙinsa sosai, alhali yana fitar da wata iska mai guba marar wari marar launi, wadda ke fara wa mutum da ciwon kai da jiri. A wurin da iska ke ratsawa ba ta taruwa. Saboda haka kada a yi wa madafin nan bango huɗu. Idan aka rufe shi ruf, an sake gina kicin na ciki ne a waje, an yi asarar dalilin fitowa.

Bango nawa ke nan, kuma ta ina? Ki lura da hadarin farkon damina, daga gabas yake tasowa da guguwarsa. Iskar hunturu mai ƙura ita ma daga arewa maso gabas take. Don haka cikakken bango ya tsaya ta gabas, idan da hali ya ɗan zagayo ta arewa. Sauran gefen a yi musu gajeren bango iya ƙugu, wanda zai kare wuta daga iska, ya hana yara da awaki kutsowa, a kuma samu wurin ɗora kwanuka. Inda ake son sirri a ɗora bulo mai huda. Idan katangar gida ce take ta gefen gabas ɗin, an huta, sai dai a duba inda ruwan rufin zai zuba. Kada ya zuba gidan maƙwabci, kuma kada bakin hayaƙin ya fuskanci tagar ɗakin kwana, naku ko nasu. Na ga zumuncin maƙwabta ya yi tsami a kan abin da indararo guda zai gyara.

Gefen yamma yana da tasa matsalar, wadda babu rufin da ke maganinta. Bayan la'asar rana tana sunkuyowa ta shigo ta ƙarƙashin rufi, kuma a azumi wannan ne lokacin da aiki ya fi yawa. A fitar da bakin kwanon ƙafa biyu zuwa uku daga ginshiƙi ta kowane gefe, wannan zai rage feshin ruwa da rana. Ta yamma kuma a rataya asabari da za a riƙa saukewa, nesa da wuta. In akwai fili, a dasa darbejiya ko mangwaro ta can, da 'yar tazara daga gini saboda saiwa.

Wajen sayen kwano, na alminiyon mai tsawo ya fi, don ba ya tsatsa, kuma falle ɗaya yana tafiya daga sama har ƙasa ba haɗi, ba inda zai yi yoyo. Ƙaramin kwanon nan mai arha tururi da hayaƙi suna cin sa da wuri. A nemi kaurin 0.45 ko 0.55 na milimita, kuma a sa a auna a gaban mai saye, don abin da aka rubuta a rasit ba kullum yake daidai da abin da aka ɗora a mota ba. Launi mai haske, fari ko ruwan toka mai haske, ya fi mayar da rana. Na san baƙi da ruwan ƙasa mai duhu ake yayi yanzu, amma a madafi mai girki ce za ta biya kuɗin wannan yayin da guminta. Kada a sa silin na roba, yana narkewa ya ɗigo idan wuta ta kama, na kwali kuma yana shan maiƙo. A bar cikin kwanon haka nan, lokaci-lokaci a share kunkunniya da doguwar tsintsiya.

Ginshiƙai da sandunan da za su ɗauki rufin, na fi son ƙarfe, bututu mai kusurwa huɗu, mai walda ya haɗa. A shafa masa jan fentin nan na hana tsatsa kafin fenti na ado. Gara ba ta cin sa, wuta ba ta kama shi. A Kano za a samu a kasuwar Ƙofar Ruwa. In katako aka fi so, a je 'Yan Katako a Na'ibawa a nemi mai tauri, busasshe, a shafe shi da maganin gara, kuma gindinsa kada ya taɓa ƙasa, a ɗora shi a kan dakalin siminti. Iyayenmu da suka yi rufi da azarar giginya, suka kafa gwafar ƙirya, sun san itacen da gara ke shakka. Farin katako mai laushi da ake yin allon zuba kankare da shi ba zai yi shekara nawa ba a tsakar gida.

Abu guda da ake yawan sakaci da shi: rufin da gefensa ke buɗe, iska ta ƙasa take shigarsa ta ɗaga shi. Duk farkon damina muna jin labarin rufin da guguwa ta yaye, kuma kwano a sama wuƙa ne. A binne ginshiƙan aƙalla ƙafa biyu cikin kankare. In katako ne a ɗaure kowane haɗi da langa-langa, kada a dogara da ƙusa kaɗai. A kama kwanon da noti mai roba a wuya, a ƙara yawansu a bakin rufin da kusurwoyi, don ta nan iska ke fara ɓamɓara.

Wataƙila wani ya ba ku shawarar zuba dekin kankare. Yana da ƙarko, ba ya ƙara idan ana ruwa, ana iya ɗora tankin ruwa a kai. Amma a shimfiɗe yake, hayaƙi ba ya samun gangarar bi, kuma yana tara zafin yini ya riƙa sakinsa har dare. Ga nauyi: kankare mai kaurin santimita 15 yana kai kilo 360 a kowace murabba'in mita, naku filin kuwa murabba'in mita 12 ne, sama da tan huɗu ke nan a saman kan mutane. Wannan aikin injiniya ne da lissafin rodi, ba na a kira birkila a yi ciniki a tsaye ba. Don madafi kawai, bai kai wahalarsa ba.

Akwai kuma riba da kwano zai ba ku wadda sanduna ba za su bayar ba. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 12, girman filinku, idan aka yi ruwa mai kyau na milimita 30 zai tara lita 360, ya fi duro ɗaya da rabi. A sa makwarara a bakin rufin ta zuba a duro mai murfi, a bar ruwan farko ya wanke ƙura ya wuce, sauran ya yi wanke-wanke da wanki.

In za ki fito da gas wani lokaci, tukunyar ta zauna a inuwa, a tsaye, nesa da murhun itace, kuma kada a gina mata rami ko akwati rufaffe, don gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Rana tana busar da tiyo ya tsage, wannan ma wani dalili ne na rufi. Wayar ƙwan lantarki ta bi cikin bututu, kada ta ratsa ta saman wuta.

Ban yar da fagolar Alhaji ba. Wurinta daban ne. A gaban madafin, inda za a shimfiɗa tabarma a sha iska da yamma, a yi buɗa-baki, a tsince shinkafa, a yi wa yara kitso, nan za ta yi kyau ƙwarai, don a lokacin rana ta karkata, sandunan suna ba da inuwar da ya gani a Abuja. A yi ta da ƙarfe iri ɗaya da na madafin, fenti ɗaya, sai su zama gini guda, tsarin gidan da yake jin tsoron ɓatawa ya fito. A dasa inabi ko fulawar a ƙarshen da ya fi nisa da wuta. Idan kuɗi bai isa duka biyun ba a yanzu, a fara da rufin murhu kafin ruwa ya sauka, rumfar ta jira kaka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a madafi kuwa mai ɗakin ke ce, Hajiya, don haka ranar da za a auna tsayi da wurin murhu ki tsaya a wurin da kanki.

Tambaya: Malam, ni a Jos nake, unguwar Rayfield. Iyalina a ciki suke girki. Abin da nake so wuri ne a lambu da zan riƙa gasa nama da kifi da yamma a ƙarshen mako idan abokai sun zo. Rufin kwano zai toshe wa falo haske. Ya zan yi?

Amsa: Kai kam, ɗan'uwa, rumfar sanduna ta dace da kai. Gashin nama nishaɗi ne, ranar da hadari ya haɗu sai a ɗaga zuwa gobe, babu yaron da zai kwana da yunwa. Da yamma kake yi, rana ta yi sanyi, kuma Jos tana bisa tsauni, sama da mita 1,200, zafinta bai kama ƙafar na Kano ko Sakkwato ba. Hayaƙin gashi mai maiƙo ne, gara ya miƙe sama ya wuce ta tsakanin sanduna da ya manne a cikin rufi. Falonka kuma ba zai yi duhu ba.

Sai dai daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ruwanta ya fi na Kano yawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Katako yana shan wahala a irin wannan laima, don haka ƙarfe mai fenti ya fi, ko katako mai tauri da za a riƙa sabunta masa mai duk shekara. Magasar ta zauna a bakin rumfar, ta gefen da iska ke ficewa, ba a tsakiya ba, kuma kada tsiro ya bi ta samanta. A yi mata murfi na ƙarfe, don toka idan ta jiƙe tana cinye gindin magasa. Gawayi a ajiye shi a ciki. Daɓen ya zama mai kaushi da 'yar gangara, kada a sa tayil mai sulɓi, kuma kada a kai soket wurin sai irin mai murfi da aka yi don waje.

Tambaya: Gidan haya nake a Damagaram. Rumfar zana ce a kan murhuna, ta tsufa, kuma ba ni da ƙarfin gini. Me ya fi?

Amsa: 'Yar'uwa, zana tana da sanyi fiye da kowane kwano, shi ya sa ba a rabu da ita ba har yau. Aibinta wuta, musamman tsohuwa da ta bushe ta sha kunkunniya. Ba sai kin yi gini ba. A samo gwafa huɗu dogaye, biyu su fi biyu tsayi, a ɗora falle uku ko huɗu na kwano daidai saman murhun, ko na hannu ne in bai huje ba, a ɗaure su tam da waya, kada a danne da duwatsu kawai. Sabuwar zana ta koma gefen da kike zama kina yanka kayan miya, da tazarar taku uku daga wuta. Ki sanar da mai gidan kafin a haƙa rami, ku yi magana a gaban shaida cewa kwanon naki ne, don ranar tashi ki kwance abinki ki tafi da shi. Da hunturu kuma ki riƙa kashe wutar da ruwa bayan girkin dare, ki ajiye bokitin yashi kusa da murhu.